Insha'i a Kan Matacciyar Fanka

A kan matattakala maganar ta riski Malama, tana hawa tana dafa gwiwa, takardun jarrabawa a hammata. Wasu malamai biyu suna saukowa, ɗaya yana ce wa ɗaya ashe ɗalibar nan Mai Jego ce ke rubuta wa rabin aji insha'i, su kuma su sauya kalma nan da can su miƙa. Da suka gan ta suka gaishe ta, suka raɓa bango suka wuce. Kafin ta kai saman bene ta sake jin zancen a bakin wata, an riga an zuba masa gishiri: wai a ɗakin karatu take zama, ana bin layi kamar wurin likita.

Malama ta fara koyar da balaga da insha'i a kwalejin tun kanta bai san furfura ba. Ɗalibai na kiranta Jan Biro a bayan ido, ta sani kuma ba ta damu ba. Abin da ba ta sha da shi shi ne maganar da ta fara da "an ce". A wurinta An-ce baƙo ne, sai ya faɗi gidansu kafin a ba shi kujera.

Shugaban Sashe yana jiran ta a ofishinsa. Ɗalibinta ne a da, kuma duk ranar da ya kira ta Mama ta san akwai abin da yake so.

"Mama, zauna. Kin ga abin da mai duba jarrabawa na waje ya ce?"

"Ban gani ba, na dai ji a matattakala."

"Ya ce rabin takardun ajinki kamar an tsaga kara. Ko dai an kwafa, ko kuwa koyarwar ce da gyara. In aka ce koyarwa ce, hukumar tantancewa za ta dakatar da kwas ɗin, ajin nan gaba ɗaya ba mai fita bana."

"In kuma aka ce kwafa ce?"

"Mutum ɗaya za a kora. Kwamiti zai zauna da yamma. Sa hannunki ake buƙata, ke ce malamar aji."

"Me ya sa Mai Jego?"

"Takardarta ce ta fi maki. Ai kowa ya san daga sama ruwa ke gangarowa."

"Kowa ya sani," in ji Malama. "Wannan Kowa ɗin, ya taɓa ganinta da ido tana rubuta wa wani?"

Shugaban Sashe ya gyara zaman tabarau.

Mai Jego ta shigo kwaleji ne da goyo a baya. Yanzu yarinyar tana gudu da ƙafarta, amma sunan ya ƙi sauka. Zangon nan ne ya rage mata ta gama. Malama ta aika aka kira ta, aka kira Dogo da Sarkin Baya, biyu daga cikin waɗanda aka ce ana rubuta musu. Ta karɓe wayoyinsu ta jefa a jakarta. Ta zaunar da Mai Jego a ofis, Dogo a baranda, Sarkin Baya a wani aji da ba kowa.

"Malama, wani laifin muka yi?" in ji Sarkin Baya.

"Shi nake nema. In na samu zan gaya maka."

Sai ta rasa batun da za ta ba su wanda ba a taɓa bayarwa ba. Ta ɗaga kai tana tunani, idonta ya faɗa kan fankar ofis, wadda ta mutu tun bara, gizo-gizo ya yi mata riga.

"Ku rubuta mini: a gyara fankar nan, ko a cire ta."

Ta yi ta zagaye tsakanin wuraren uku tana jan ƙafa, zufa na bin bayanta. Ba wanda ya ga wani, ba wanda ya ji wani. Da suka gama ta jera takardun a kan tebur.

Mai Jego ta buɗe da cewa tun farkon tarihi ɗan Adam yake fama da matsalar zafi. Dogo ya ce tun farkon tarihi bil Adama ke fama da ƙalubalen zafi. Sarkin Baya ma daga farkon tarihin ya taso, sai dai ya yi tuntuɓe a hanya. Dukansu sun ce masana sun yi ittifaƙi a kan muhimmancin fanka. Dukansu sun kawo hujja ta fuskar lafiya, da ta tattalin arziki, da ta zamantakewa. A sakin layi na ƙarshe dukansu sun yi kira ga gwamnati da ta duba lamarin. Sarkin Baya, da yake mai tausayi ne, ya haɗa da iyaye da masu hannu da shuni. Babu ɗaya da ya faɗi a gyara ko a cire.

Malama ta san inda kowace jimla ta fito. Littafin sashe ne, mai shuɗin bango, wanda Shugaban Sashe ya rubuta, kuma aka wajabta wa kowane malami. A ciki akwai jimlolin buɗewa da na rufewa, da fuskoki uku na hujja, kowanne da akwatinsa da makinsa. Da shi ake koyarwa, da shi ake maki. Ita ma da shi take yi, tana tsaki tana ja da jan biro.

Ta sallami mazan, ta tsayar da Mai Jego.

"Ajiye biro. Da baki nake tambayarki. Ni tsohuwa ce, zafi na kashe ni. A gyara ko a cire?"

Mai Jego ta ɗaga kai ta dubi fankar.

"A cire ta mana, Malama. Ai matacciyar fanka ta fi babu sharri. Duk wanda ya shigo sai ya danna, ya ɗaga kai, ya ji haushi. Kuma muddin tana rataye, mai zuwa duba ofisoshi zai leƙo ya ce nan akwai fanka. Ba za a taɓa kawo miki sabuwa ba. Amma in ya ga waya tsirara tana lilo a kan tsohuwa, kunya ma ta isa."

Malama ta yi dariya har da tari.

"To, 'yar nan, me ya hana ki rubuta wannan?"

"A wane akwati zan sa shi? Ba lafiya ba ne, ba tattalin arziki ba."

"Hujja ce. Ita kaɗai ce hujjar da na ji yau."

"A shekarar farko irin ta na rubuta, na sha ƙasa. Aka ce ba gabatarwa, ba kammalawa. Ni kuwa ga yarinya, ga miji na tambaya yaushe za a gama. Sai na haddace littafin. Su ma shi suka haddace, na dai fi su ƙwaƙwalwa ne." Ta dubi Malama. "Malama, da gaske korata za a yi?"

"Je ki zauna a benci."

Ɗakin da kwamiti ke zama ba shi da taga sai ɗaya, ita ma an jingina kabad a jikinta. Magatakarda ne ke shugabanta, ga Shugaban Sashe, ga wasu malamai biyu. Malama ta faɗi abin da ta yi, ta miƙa takardun. Suka karanta, suna miƙa wa juna. Da aka zo kira ga gwamnati, Magatakarda ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Daga nan dariyar ta mutu, don kowa ya gane inda maganar ta nufa.

"Mama," in ji Shugaban Sashe, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ban ƙaryata ki ba. Amma in muka rubuta wannan, da hannunmu muka rufe kwas ɗin. Dogon nan da kika kira, shi ma bana yake sa ran fita. Su duka."

"Sai a yanka wadda ta fi kowa yin abin da muka ce a yi?"

"Littafin nan kafin a yi shi, rabin aji ke faɗuwa. Kin manta?"

Ba ta manta ba. Abin da ya ɗaure ta ke nan. Ta tuna fuskokin ajin, layi-layi, masu zuwa lakca daga wurin aiki da kayan aiki a jikinsu, masu gyangyaɗi a kujerar baya. Ta buɗe baki ta ga duk ƙofar da ta nufa akwai mutum kwance a bakinta.

Magatakarda mutum ne da ya tsufa a neman tsakiya. Ya ce ba za a kore ta ba, tunda ba a kama ta da komai ba. Ba kuma za a wanke ta ba, tunda mai duba jarrabawa na jiran ya ji an ɗauki mataki. Za a rubuta cewa akwai shakku a kan takardarta, a soke makin, ta maimaita kwas ɗin baɗi.

"Ba zan sa hannu ba," in ji Malama.

"Ba komai, Hajiya. Rinjaye ya wadatar."

Suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Malama ta tattara takardunta uku ta fito.

Mai Jego na zaune a benci, ta cire takalmi ɗaya. Tana ganin Malama ta miƙe.

"Ba a kore ki ba. Za ki maimaita."

"Shekara guda?"

"Shekara guda."

"A ajinki?"

"A ajina."

Mai Jego ta sunkuya ta sa takalminta. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko littafin za a sauya, don ta san ko za ta riƙe nata. Malama ta ce ta riƙe.

Kafin a tashi aiki labari ya zaga sashen cewa an kama mai rubuta wa rabin aji, amma an yi mata sassauci saboda tana da ƙaramar yarinya. Mai Jego ba ta taɓa rubuta wa kowa ko layi ɗaya ba, kuma babu wanda ya kwafi wani a ajin. Abin da aka koya musu suka rubuta.