Gutsuren da Mot Ta Gani

A filin harbin faifai da ke bayan garin Chonburi, kowa ya san Mot da ido. Shekarunta sha bakwai, 'yar firit da ita, amma in faifan yumɓu ya fito daga ramin inji, kafin sauran 'yan mata su gane inda ya nufa ita ta riga ta mai da shi hayaƙi. Wannan idon kuwa ba daga sama ya faɗo mata ba, Suwimon ce ta wasa shi.

Suwimon ta tsince ta ne a bikin haikali tana harbin balan-balan da bindigar yara. Ta roƙi uwarta, ta kawo ta gidanta, ta ba ta ɗaki. Da hannunta ta yanke gindin tsohuwar bindigarta don ya zauna a kafaɗar yarinyar, in kafaɗar ta kumbura ita ke shafa mata man zafi. Takan zaunar da ita a gefen fili cikin rana, wasu na harbi ita tana faɗin abin da ta gani.

"Ƙura ba fashewa ba ce," in ji Suwimon. "Sai kin ga gutsure ya rabu da faifai, ko da kamar farce ne. Buɗe idonki, malalaciya."

Ta buɗe shi kuwa, har ya fi na kowa.

Bana hukumar wasanni ta ce mace ɗaya tak za a ɗauka ta wakilci ƙasa a gasar ƙasashen yankin, kuma da aka zo ranar ƙarshe ta tacewa su biyu suka rage. Suwimon ta doshi arba'in, ta sha zuwa bakin ƙofar nan ana rufe ta a fuskarta. Mot kuwa wannan ne zuwanta na farko, kuma tana son rigar nan mai tutar ƙasa a ƙirji, so irin wanda ke hana cin abinci.

Da rana suka zauna a inuwar rumfa. Suwimon ta buɗe kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza, ta tura wa Mot cinya kamar kullum. Chalit, wani maharbi mai baƙin baki daga ɓangaren maza, ya zo ya miƙa hannu babu gayyata.

"Goggo, har yanzu ba ki gaji ba? Ki bar wa yara mana. Jiya na ji gwiwarki ta yi ƙara na zata harbi ne."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, ɗan nema. Cire hannunka daga kazata."

"To ci gaba da ba ta cinya. Tsintacciyar mage dai ba ta mage."

Suwimon ta jefe shi da ƙashi, aka yi dariya. Mot ba ta yi ba.

Rukunin Mot ne ya fara zagayen ƙarshe, ta fasa faifanta ashirin da biyar ba ta zubar da ko ɗaya ba. Da aka haɗa da makin zagayen baya, lissafi ya fito fili: in Suwimon ita ma ta fasa nata duka, rigar tata ce, in ta kuskure ɗaya ta Mot ce. A wasan nan kuma, waɗanda suka gama harbi su ake zaunarwa a gefen fili su taya alƙali gani. Aka miƙa wa Mot jar tutar da ake ɗagawa in an kuskure, aka zaunar da ita a kujerar hagu, Chalit a ta dama.

Suwimon ta yi harbin da ba ta taɓa yi ba. Ta kira a sako, faifai ya tashi, ya tarwatse. Ta kira, ya tarwatse. Zufa ta jiƙa bayan rigarta. Mot na zaune da tuta a cinya tana ƙirga kowace fashewa, tana roƙon iska ta taso, ko harsashi ya ƙi tashi, ko ma mene ne.

Saura kaɗan a gama wani faifai ya fito ƙasa-ƙasa ya karkata hagu, ya bi ta gaban duhun itatuwa. Harbin farko ya tayar da ƙura. Na biyu ya bi shi, faifan ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya same shi. Amma daga ƙasan bakinsa wani ɗan gutsure ya rabu, ya juya a iska, ya faɗa cikin ciyawa. Mot ta gan shi sarai, har launinsa.

Alƙali ya busa ƙahon kuskure. Suwimon ta ɗaga hannu nan take, alamar ba ta yarda ba.

Tsohon alƙalin ya taka zuwa wurin Chalit. "Ni dai rana ta kashe min ido, Baba, ban ga komai ba," in ji Chalit. Sai ya tako hagu, a hankali, da 'yar sauƙi a fuskarsa, don ya san wadda zai tambaya.

"'Yata, ta gefenki ya bi. Me kika gani?"

Suwimon ba ta ma juyo ba. Tana tsaye da bindiga a buɗe a hannu tana goge goshi, hankalinta kwance, kamar wadda ta bar ajiya a hannun uwarta.

Mot ta ɗaga jar tuta. "Ƙura ce kawai."

Suwimon ta fasa sauran da suka rage, amma aikin gama ya gama. Aka yi wa Mot tafi, manya suka dafa kanta, ta haɗa tafuka ta rusuna wa kowa. Duk wannan tana jiran mari, ko zagi, ko a ce ta kwashe kayanta daga gidan. Ta ma shirya amsar da za ta bayar.

Can bayan rumfa Suwimon ta kira ta. Tana zaune a benci, ba ta ko cire toshin kunne ɗaya ba.

"Mot, zo nan. Babu kowa, an riga an sa hannu, ba abin da zai canza. Na ga gutsure. Ya rabu ta ƙasa, ya yi hagu. Ki gaya min gaskiya, ke ba ki gan shi ba?"

Ga ƙofa a buɗe, kuma shigarta ba za ta raba ta da rigar ba. Abin da zai ci mata kawai shi ne Suwimon ta san ko wace ce ita. Mot ta auna, ta ga ya yi tsada.

"Babu gutsure, Yaya."

"Kin duba da kyau?"

"Ke kika koya min."

Suwimon ta juya ga fili. Ta rufe idon dama da tafin hannu ta kalli fili, ta rufe na hagu ta sake kallo.

"Da tsohon nan ne kaɗai, da har in mutu ina cewa ya zalunce ni. Amma ke, idonki ba ya ƙarya." Ta sauke hannun daga idonta. "Haka na babana ya fara. Yana ganin ƙudajen da babu, yana kora. Kafin damina biyu sai da jagora."

Chalit ya leƙo da kwalbar ruwa, bakinsa ya yi sanyi yau. "Haƙuri, Goggo. Sai baɗi kuma."

"Babu baɗi. Maharbin da ya fara ganin abin da babu ya gama." Ta laluba aljihu ta miƙa masa makullin mota. "Kai mu gida. Ba zan ɗauki yarinyar nan a kan titi da wannan idon ba, ƙasa na buƙatarta."

Mot ta jira ta ji nadama ta soke ta. Abin da ta tarar a ƙirjinta daɗi ne, mai ɗumi, da tunanin ko rigar za ta yi mata yawa a kafaɗa.

Daga rumfar zuwa inda motoci suke akwai 'yan matakalan siminti da Suwimon ta yi shekara da shekaru tana sauka a guje. Yau ta tsaya a bakinsu, ta miƙa ƙafa tana laluben gefe, sannan ta kama hannun Mot ta riƙe gam.

"Ki riƙe ni."

"Na riƙe ki, Yaya," in ji Mot. "Sannu. Akwai wani matakin a ƙasa."