Rabon Ƙasa a Ramin Muruci

Shekarar da 'yan majalisa suka sake dokar daji, labarin ya iso Malanville a bakin direbobin manyan motoci, rabi gaskiya rabi ƙari. Abin da ya tabbata shi ne, malaman daji ba za su ƙara tsara ƙa'idar gandu su kaɗai ba, sai sun zauna da masu ci daga cikinsa.

Barakatu na cikin masu cin. Shekara talatin tana tsintar 'ya'yan giginya a gandun bakin fadama, ta binne a rami, bayan watanni ta tono muruci ta dafa, matan Gaya na tsallaken kogi su kwashe a kasuwa. Da shi take riƙe gidanta. To sai ga takardar da za a tattauna ta ce a hana tsintar shekara goma, don gandu ya farfaɗo. Kowa ya sani, wai, masu muruci ne ke cinye dajin tun bai tsiro ba. Abin da kowa ya sani kuwa, da wuya a samu wanda ya je ya duba. Azarar giginya da ta rufe rabin shagunan garin, ita ba a ambace ta ba.

Ranar taron ta hau kabu-kabu ta isa ofishin malaman daji da wuri. A inuwa ta ga baƙaƙen ledoji jere, cike da ƙasa, ba ganye ko ɗaya. Idrisu, malamin dajin, mutum mai ladabi da ya yi karatunsa a kudu, ya gaya mata cikin jin kunya cewa giginya ce yake reno don dashe, yadda ake yi wa mangwaro, amma ta ƙi fitowa. Irin yake zargi.

Ta tsuguna ta yage leda guda. Tsiron ya nufi ƙasa, ya tarar da gindin leda, ya nannaɗe ya ruɓe.

"Ɗana, wa ya hwaɗa maka giginya na ƙaura?" in ji ta. "Ƙasa take fara tahiya, kamu guda, kahin ka ga ganye. Inda ka binne ta nan ne gidanta."

Da aka karanta takardar, Hammanjoda, ardon makiyaya, ya yi hamdala da yau an samu ɓarawon da ba Bafillace ba. Barakatu ta ce ya rage murna, layin gaba a takardar na shanunsa ne. Aka yi dariya. Daga nan ta roƙi a tashi a je gandun, tunda doka ta ce a zauna da mutane, ba ta ce a kan wace tabarma ba.

Suka ratsa tsofaffin giginyu, dogaye, ƙarƙashinsu fayau. Can ta tsayar da su gaban wasu ƙanana, biyar-biyar shida-shida a cure, wasu iya ƙirji, wasu sun wuce tsayin ɗaki. Idrisu ya tambayi wanda ya shuka. Ta ce ai tsofaffin ramukan muruci ne. Mahaifiyarta ta koya mata ba a kwashe rami tas, sai an bar kaɗan a gefe, rabon ƙasa, in ba haka ba murucin baɗi ya yi ɗaci. Ko gaskiya ne batun ɗacin, ba ta taɓa gwadawa ba. Wannan ramin nata ne na shekarar ambaliya, wancan na uwarta.

Ba ta ɓoye sauran ba. Matan da suka shigo sana'ar kwanan nan kwasar 'ya'yan suke su binne a gida, ba sa barin kome a daji.

Idrisu ya daɗe yana dafe da kututturen ɗaya. A nan, kan gwiwarsa, ya soke layin hani. Aka yarda a tsinta, amma a haƙa ramukan cikin gandu, a bar rabon ƙasa a kowanne, a kewaye da ƙaya. Hammanjoda ya ɗauki alkawarin kauce wa ƙayar har ganye ya fi ƙarfin bakin shanu. Idrisu ya rubuta da Faransanci, ya maimaita da Dandanci, yaren garin, da Hausa, Barakatu ta sa ya sake faɗar wurin rabon ƙasa sau biyu.

Takardar ta yi tafiyarta ofis-ofis, ba ta dawo da sa hannu ba sai gab da damina. Washegari Idrisu ya same ta a gandun da buhun irin da ya rage masa da fartanya, ya tambaye ta inda zai fara.

Ta nuna masa da ƙafa. "Haƙa nan, ka rufe. Kuma kada in gan ka gobe kana tonawa ka ga ko ta fito."