Gwadon Inno da Sikelin Dogo

Saƙon ya shigo wayar Mubaraka tana tafe a bakin kanal ɗin ban-ruwa, da kular abincin babanta a hannu. Ta karanta ba ta yarda ba, ta sake karantawa, sai ta dire kular a ƙasa ta kwasa da gudu ta kan gaɓar fangalin shinkafa, mayafinta yana kaɗawa a bayanta.

"Baba! Baba, an zaɓe ni!"

Malam Sammani ya ɗago daga cikin shinkafa da ciyawa cike da hannu. "Ke, bi a hankali kada ki rushe mini gaɓa. Ina abincina?"

Abincin yana can bakin kanal, wata akuya tana shinshinarsa, ba wanda ya koma ta kansa. Mubaraka tana aji uku a jami'a a Kano, tana karanta aikin ban-ruwa, kuma jami'ar tasu tana musayar ɗalibai da wata jami'a a ƙasar Holan. Zango ɗaya za ta yi a can, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi. Ta gaya wa babanta cewa teku ya fi ƙasar tasu tudu, mutanenta korar ruwa suke yi su yi noma a gurbinsa.

"Mu nan sai mun yi faɗa kafin ruwa ya iso fangalinmu, su kuma korarsa suke yi!" Malam Sammani ya yi ta dariya har ya zauna a taɓo. "Je ki gano mana su. Allah ya yi miki albarka."

Daga ranar gidan bai sake zama daidai ba. Yayanta Bilya, mai shagon gyaran injin ban-ruwa a Kura, ya naɗa kansa shugaban tafiya. Shi ya raka ta yin fasfo, shi ya raka ta Abuja neman biza, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Mun kusa tashi." Ya kai ta gwanjon Ƙofar Wambai suka sayo wata ƙatuwar rigar sanyi ja, mai hula da gashi a baki. Da suka dawo ya ce shi ba ya yarda da kaya sai an gwada. Ya roƙi abokinsa mai sayar da kifin ƙanƙara ya buɗe musu ɗakin sanyi, Mubaraka ta shiga tsakanin kwalaye sanye da rigar, shi kuma yana bakin ƙofa yana ƙwala mata kira.

"Mutanen Holan! Yaya garin?"

"Jiki lafiya, Yaya, hancina ne ya mutu!"

"Ba mu sayi rigar hanci ba. Ƙara haƙuri!"

Ta fito tana ƙarnin kifi, tana dariya har da hawaye. Sai da mahaifiyarsu Hawwa'u ta yi ta shanya rigar a rana kafin kuliyoyin unguwa su daina bin ta.

Sannan guzuri ya fara shigowa. A garinsu ba a barin matafiyi ya fita haka nan, kuma ba a mayar wa mutum guzurinsa. Murja maƙwabciyarsu ta kawo rabin buhu na kauɗar tumatir, don ta ji an ce tumatirin Turawa ruwa ne kawai. Manoman layinsu suka aiko da shinkafa. Matar liman ta kawo kuka. Daddawa ta zo daga gida uku, ga yaji, ga ƙuli-ƙuli, ga busasshiyar kuɓewa. Kowacce in ta ajiye sai ta ce, "Ki ci ki tuna da ni." Ɗakin Hawwa'u ya koma kamar rumfar kasuwa.

Ana cikin haka Inno ta iso a bayan acaba, da ƙunshi a cinya.

Inno ƙanwar kakan Mubaraka ce na wajen uba. Kakan ya musulunta yana saurayi ya dawo Kura da zama, ita kuwa ta zauna a ƙauyensu can bayan Bunkure, cikin dangin da suka riƙe al'adar kakanni. Zumunci bai yanke ba. Duk suna ko biki sai ta zo, kuma da can takan zo da fura ko dambu. A karɓa da hannu biyu, a yi godiya, in ta juya baya a zuba wa kaji. Hawwa'u ba don mugunta take yi ba, shakkar tukwanen take yi, don an ce a cikinsu ake dafa giya. Kowa ya ɗauka tsohuwar ba ta sani ba, har wata rana da ta tsaya a tsakar gida ta dubi kajin ta ce, "Kajin gidan nan suna son hannuna." Ta yi dariya ta ci gaba da hirarta. Daga nan ba ta ƙara kawo abin ci ba.

"Ina ƙawata mai zuwa ƙasar ruwa?" in ji Inno tun daga zaure. Mubaraka ta fito da gudu ta durƙusa. Inno ta kwance ƙunshin. Gwado ne, fari da ratsin baƙi, mai kauri kamar tabarma, ƙamshin hayaƙi ya kama shi.

"Ni na shuka audugar, ni na kaɗa zaren, marigayi mijina ya saƙa. An ce can ruwa ma sandarewa yake yi don sanyi. Wannan ba a cin sa, ƙawata, don haka ba ruwan kaji da shi."

Bilya ya fashe da dariya fiye da kima.

"Kai kuma mijin banza," in ji Inno, "na zo tun ɗazu ko ruwa ba ka ba ni ba."

Bayan ta koma, Mubaraka ta tuna musu cewa kamfanin jirgi akwati ɗaya ya yarda, kilo ashirin da uku. Bilya ya ɗauko Dogo, mai auna wa ƴan kasuwa albasa, ya rataye sikelinsa a reshen darbejiyar tsakar gida. Aka yi ta ɗorawa, Dogo yana girgiza kai.

"Malam Sammani, wannan ba guzuri ba ne, lodin Legas ne. A nemo tirela."

Aka zuba tufafinta da littattafai da takalman sanyi, sai ga shi wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Mubaraka ta yi tsalle ta ce ta samo dabara. Za a ɗebi tafi ɗaya daga guzurin kowa a ƙulle a leda, sauran kuma a dafa ranar sallama, a gayyato waɗanda suka kawo a ci tare. "Abin da na ci ai da ni zai tafi, kuma ba mai auna cikina." Hawwa'u ta rangaɗa guɗa. Ba wanda za a mayar wa kayansa, ba kuma wanda za a yi wa ƙarya.

Dogo ya ɗora gwadon. Allurar sikelin ta zarce inda ake so, ta tsaya can.

"Shi wannan ba a ɗibar tafi ɗaya a jikinsa," in ji shi.

Hawwa'u ta ce, "Ai ga rigar sanyi an saya. Kuma yana warin hayaƙi, za ki shiga cikin mutane." Ta ɗan yi ƙasa da murya. "Ba mu ma san abin da aka yi masa ba."

"Abu mai sauƙi," in ji Bilya. "A tura shi ƙarƙashin gadon Umma. In Mubaraka ta dawo ta ce ta yi ta rufa da shi. Inno ba ta da waya, balle ta ce a turo hoto. Ita ta ji daɗi, akwati ya ji daɗi."

Mubaraka ta dubi babanta. Ya kalli gwadon ya ce, "Gwaggona ce. Amma akwatinki ne." Ya ɗauki fartanya ya fita.

Da yamma ta je bakin kanal ta zauna. Maganar Bilya ba ta da wahala, kuma in aka bi ta ba wanda zai yi kuka. Abin da ya tsaya mata shi ne, irin wannan ƙaryar ce gidansu ya daɗe yana yi wa Inno, ana kiranta kara, kuma Inno ta gane ta tun ba yau ba. Tsohuwar ta zauna ta nemo abu ɗaya da ba a dafa shi a tukunya ba, abin da ba wanda zai ce yana shakkarsa. In shi ma aka karɓa da hannu biyu aka tura ƙarƙashin gado, to ashe ba tukwanenta ake gudu ba, ita ake gudu. Amma in ta fitar da ƙulle-ƙullen mutane don ta saka gwado, da wane ido za ta dubi Murja da matar liman? Ta tashi ba ta yanke komai ba.

Ranar sallama gidan ya cika. Aka ɗora manyan tukwane, shinkafa da miyar kauɗa, tuwo da miyar kuka, daddawar gida uku duk a tukunya ɗaya. Mata suka kewaye Mubaraka kowacce tana tura mata loma.

"Ci tawa!"

"Ai ta ci taki sau biyu, saura kuɓewata!"

Bilya ya saka jar rigar yana yawo tsakanin baƙi yana gaishe su da wani yaren da ya ce shi ne na Holan. Dogo ya dawo da sikelinsa don awon ƙarshe.

Inno tana zaune a gefe kan tabarma, ta ci tuwonta ta wanke hannu. Idonta ya sauka a kan akwatin da aka rufe, sannan ya koma kan gwadon, yana ninke a kan turmi. Ba wanda ya yi ƙarfin halin ɓoye shi, ba kuma wanda ya saka shi.

"Dogo, nauyi ya yi ko?"

Dogo ya sosa ƙeya. "E to, Inno, yana da ɗan jiki."

Ta jawo gwadon ta shimfiɗa a cinyarta, ta kwance bakin zanenta ta fito da reza. "Na ji an ɗebi na kowa kaɗan-kaɗan. To a ɗebi nawa. Ko faɗin tafin hannu ne, ƙawata, ki sa a aljihu."

Ta ɗora rezar a kan ratsin farko.

"Inno, kar ki yanka!" Mubaraka ta tsallake kwanuka ta riƙe mata hannu. Ta janye gwadon, ta rasa inda za ta kai shi don kada reza ta same shi, sai ta yafa shi a kafaɗa ta naɗe jikinta. Ta tsaya haka a tsakiyar mata, cikin zafin damina, gumi yana tsattsafo mata. Can sai idonta ya buɗe.

"Dogo, ɗaga akwatin nan."

Ya rataya. Allura ta tsaya daidai.

"To gwadon fa?"

"Yana jikinki."

"Su masu jirgi akwati suke aunawa, ba sa auna mutum da tufafinsa! Da shi zan shiga!"

Bilya ya cire hular rigar ya jefa sama. "Wallahi karatun nan bai tafi a banza ba!"

Mata suka ɗauki shewa. Hawwa'u ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta durƙusa a gaban tsohuwar, a gaban kowa.

"Inno, ki gafarce ni, zan tambaye ki. An yi masa wani abu?"

Inno ta dube ta ido cikin ido. Tun da aka kawo Hawwa'u gidan ba ta taɓa tambayarta komai kai tsaye ba.

"An yi masa auduga, an yi masa gumi. In da wani abu zan yi wa yarinya, da na gaya miki, ke kika haife ta."

Hawwa'u ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da babbar allura da zare da wani ƙaton maɓalli.

"Haka za ki bi filin jirgi kina jan shi a ƙasa? Zo nan a yi masa maɗauri a wuya. Inno, riƙe mini wancan bakin."

Inno ta mayar da rezar bakin zanenta, ta riƙe. Suka sunkuya kai da kai, ɗaya tana ɗinki ɗaya tana cewa zaren ya yi sako-sako.

Washegari motar da Bilya ya aro ta hau titin Kano, shinkafa kore shar dama da hagu. Mubaraka tana baya, jar riga a ciki, gwado a sama, ƙarnin kifi da ƙamshin hayaƙi sun cika motar. Malam Sammani ya sauke gilashi.

"Ki cire mana, sai mun isa," in ji Bilya.

"Inno tana bakin titi tana kallo, Yaya."

"Mun wuce ta tun a kwanar gari!"

Mubaraka ta share gumi da gefen gwadon, ta gyara maɓallin a wuyanta.

"Ja mota," in ji ta.