Faifan da Ba a Kira Sunan Kowa Ba

Wanda ya ga Datti a shagonsa na unguwar Misfala a Makka, zaune tsakanin carbi da darduma da kwalaben turare, gemu fari tas, yana ciniki da alhazan Indunusiya da yatsu, ba zai yarda wannan mutumin ya taɓa tara suma kamar kwando yana girgiza otal-otal ɗin Sabon Gari da jita mai lantarki ba. To an yi kuwa. 'Yan Guguwa ake ce musu, su biyar, kiɗan rok suke yi da Hausa tun lokacin da jama'a ke yi wa abin kallon taɓin hankali. Daga Kano suka nufi Injamena, daga can sai Kartum, uku suka watse a hanya, biyu suka ƙetare teku aikin Hajji suka yi zamansu: Datti mai jita da Wada mai ganga. Yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

A zamanin Guguwa akwai abin da ba ya tashi. Duk wasan da suka yi, in an zo waƙar ƙarshe, sai Datti ya juya baya ya kira, "Wada na Hajo, mai hannun aradu!" Wada kuwa ya amsa da ganga har sai kofuna sun yi rawa a kan tebur. Da haka ake tashi.

A Makka Wada ya kafa tukubar tsire a unguwar Zahir, naman da Larabawa ke ce wa siriya suna bin layi a kansa. Datti ya kama shago, ya auri Mairama, suka zauna a unguwar Tandabawi. Jita ta koma saman kwaba, sai ranar Juma'a bayan la'asar a sauko da ita a ɗakin baƙi, a rage mata murya saboda maƙwabta, Wada ya iso da ƙunshin tsire mai zafi. Ko da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Wada shekara uku da suka wuce, hannun dama ya daina riƙe sandar kiɗa, ƙunshin nan bai taɓa fashi ba. Ran da ƙafa ta ƙi, sai ya ba mai tasi ya kawo.

Datti mutum ne mai godiyar Allah, ba ya neman komai wurin kowa. Abu ɗaya ne ke tsone masa ido. Alhazan gida in sun shigo shago sukan kunna masa waƙoƙin da ake yayi, wai don ya ji gida. Sai ya ji waƙar minti bakwai, suna talatin a ciki. Alhaji wane mai gidan mai, Hajiya wance mai gwala-gwalai, kamfani kaza mai taliya. Datti ya ce wannan ai ba waƙa ba ce, kiran sunan masu biza ne a ofishin jawazat na shige da fice. Mairama ta sha jin wannan mita har ta haddace, ran nan dai ta gaji ta ce masa in abin ya dame shi haka, ya je ya faɗa musu da bakin jita ya bar cika mata kunne.

Ashe tsokano tsuliyar dodo ta yi. Wata biyar Datti yana hawa jirgin ƙasa zuwa Jidda kowace Talata, wurin wani mai ɗakin naɗar waƙa da ake kira Fahad. Ya je Zahir ya aro tsohuwar gangar Wada, don ya ce ba zai sa kiɗan na'ura a waƙar da ke zagin na'ura ba. Wada da kansa ya goge ta da hannun hagu, ya naɗe ta a bargo, yana ta washe baki. Wani makaɗi ɗan Sudan ne ya buga ta a Jidda.

Fahad mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwa ne. Da ya ji jitar ta yi kuka a waƙar farko, sai ya cire abin kunnensa ya ce akwai wani mai kamfanin turare da zai ɗauki nauyin faifan duka, abin da yake so kawai a ambace shi sau ɗaya, ko a can ƙarshe.

"Ya ammi, baffana, sau ɗaya tak. Ba wanda zai lura."

"Ni zan lura," in ji Datti.

Nan ya ɗaure wa kansa doka, ya kuma yi alfahari da ita: waƙa bakwai, ba za a ji sunan ɗan Adam ko ɗaya ba. Ba attajiri, ba ɗan siyasa, ba kamfani, ba kowa. Ya sa wa faifan suna Kasuwar Maƙogwaro. A ciki ne yake cewa da can waƙa uwa ce mai goya gari, yau an ɗora mata faranti ta koma 'yar talla. Ya yi wa masu liƙi tatas, waɗanda ke manna wa mawaƙi kuɗi a goshi don a ji sunansu, ya yi wa mawaƙan da ke miƙa goshin abin da ya fi haka.

Ran da faifai ya fita, Wada ya ce a gidansa za a fara ji, ba musu. Ya rufe tukuba da wuri, ya sa aka dafa shinkafar buhari, ya gayyato dattawan unguwa: masu ɗinki, direbobi, har da wani malami ɗan Sakkwato da ya ce shi ba ya jin kiɗa amma zai zauna kusa da ƙofa don zumunci. Wada ya sa sabuwar jallabiya ya zauna a tsakiya.

Aka kunna. Da gangar ta shigo, Wada ya daki ƙirji ya ce tasa ce. Waƙar farko na gab da ƙarewa sai ya ɗaga hannun hagu ya ce a yi shiru. Aka yi shiru, waƙa ta ƙare, ta biyu ta fara. Ya yi dariya ya ce Datti ba ya gaggawa, a ƙarshe yake ajiye abin daɗi. A ta huɗu ya sake ɗaga hannu. A ta shida bai ɗaga ba, sai dai ya gyara zama. Ta bakwai ta zo, jita ta hau sama ta sauko, ganga ta yi rugugi, sannan komai ya ɗauke ɗif.

Datti yana can gefe ido a lumshe, yana jin daɗin inda ya ja wata tsirkiya a minti na biyar, bai ga komai ba. Da ya buɗe ido Wada na zuba wa baƙi shayi.

"Faifai ya yi kyau," in ji Wada. "Allah ya sa albarka."

Haka Datti ya koma Tandabawi zuciya fari ƙal. Makonnin da suka biyo baya kuwa sai abin ya yi ta daɗi. Ba wai faifan ya game duniya ba, a'a, amma saƙonni sun yi ta shigowa waya daga Kano, daga Maraɗi, daga Wad Madani. Tsofaffi na cewa ashe 'Yan Guguwa na raye. Wani alhaji ɗan Gusau ya shigo sayen carbi, ya tsaya yana kallon Datti, sai kawai ya rera masa baitin 'yar talla. Datti ya ba shi carbin kyauta, ya yini yana murmushi shi kaɗai.

Juma'ar farko tsire bai zo ba, ya ce ƙila nama ne ya yi wuya. Ta biyu ya ce zafi ne, Wada ba ya son fita. Ya buga waya, aka yi gaisuwa lafiya lau, gajeriya kamar ta maƙwabcin da ba a saba ba. Juma'a ta uku Mairama ta shimfiɗa ledar cin abinci ta ajiye masa gurasa da ful, dafaffen waken Larabawa, ta zauna tana kallonsa.

"Abu Basma," ta ce, don da sunan babbar 'yarsu take kiransa, "wai da gaske ba ka sani ba, ko ka sani kake basarwa?"

Ta faɗa masa abin da matar Wada ta faɗa mata. Tun ran da aka ɗauki ganga Wada ke gaya wa duk wanda ya tsaya sayen tsire cewa za a sake jin Wada na Hajo. Don haka ya tara mutane. Sau bakwai ya kasa kunne a gabansu. Bayan sun watse ya shiga ɗaki bai ci shinkafar ba.

Datti ya harzuƙa, abinka da mai gaskiya a ganin kansa. Ya ce ai Wada ya fi kowa sanin manufar faifan. Ya ce in ya kira mutum ɗaya, da wane baki zai zagi mai kiran talatin? Doka doka ce. Mairama ta bar shi ya zazzage ta cikinsa tas.

"Da masu sayen suna kake faɗa," ta ce. "Wada ya taɓa sayen nasa? Kuɗin goro ka yi musu, shi da mai taliya."

Maganar ta shige shi. Ya ajiye gurasar. Ya tuna hanyar Kartum, a bayan motar awaki, yadda Wada ya rungume akwatin jitar nan kwana biyu don kada ta fashe, ya bar tasa gangar tana gara-gara. Mutumin da hannunsa ya mutu, abin da ya rage masa na kiɗa shi ne wannan kiran. Kunya ta kama Datti sosai, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi.

Da safe ya kira Fahad. Fahad ya ce ai abu ne mai sauƙi, a ƙara waƙa ta takwas, a ɗauki hoton tsofaffin biyu suna rungume juna, ya rantse wannan sai ta fi sauran bakwai ɗin tafiya, mutane na son irin haka. Datti ya gama saurare, ya yi godiya, ya kashe waya. Wato gyaran ma sai an ɗora shi a farantin talla.

Juma'a ta huɗu bayan la'asar ya sauko da jita. Bai ɗauki wayar lantarkinta ba, bai ɗauki lasifika ba. Ya saɓa gangar Wada a bargonta, ya tari tasi zuwa Zahir. Kafin ya tafi ya bi ya kira dattawan nan ɗaya bayan ɗaya, har malamin Sakkwato, ya ce su haɗu a gidan Wada, shi ne mai gayya yau.

Wada ya karɓe su da fuska ba yabo ba fallasa. Ya ga ganga ya ce an gode da aka dawo da ita. Datti ya kwance bargo ya ajiye ta a gefen hagun Wada, ya zauna ya ɗora jita a cinya. Wani direba ya zaro waya zai ɗauka, Datti ya ce ya mayar aljihu, wannan ta ɗakin nan ce kawai.

Jita mai lantarki in babu lantarki muryarta 'yar ƙarama ce, sai an nutsu ake ji. Ya kama waƙa ta bakwai, ya bi ta a hankali har inda ta ƙare a faifai. A nan bai tsaya ba. Ya juya, kamar yadda yake juyawa a Sabon Gari, ya ɗaga muryar tsufa.

"Wada na Hajo, mai hannun aradu!"

Wada ya dubi ganga, ya dubi hannun damansa da ke kwance a cinya. Sai ya ɗaga na hagu ya sauke mata tafi, dum, ya ƙara, ya ƙara. Ba aradu ba ce, kofi ko ɗaya bai motsa ba. Amma hawaye na bin gemun Wada yana dariya, malamin Sakkwato ma da ke bakin ƙofa an gan shi yana gyaɗa kai.

Sai Wada ya cusa hannu a aljihun jallabiya. Datti ya ga abin da ke tafe. Mutumin da aka kira sunansa a waƙa a gaban jama'a ba ya zama hannu rabbana, haka Wada ya tashi ya gani, haka zai mutu yana yi. Ya zaro riyal biyar da ta sha yajin tsire, ya rarrafo, ya manna ta a goshin Datti. Zufar Makka ta riƙe ta gam.

Dattawa suka zuba ido. Ga mai Kasuwar Maƙogwaro, wanda ya yi wata biyar yana zagin liƙi, ga kuɗi a goshi. In ya cire, ya sake tsinka Wada a gaban mutanen nan. Datti ya sunkuyar da kai kan jita ya ci gaba da kiɗa, takardar na nan inda aka sa ta.

"Ka dai karɓa," in ji Wada, yana share ido. "Duk cika bakin nan."

"Na karɓa. Saura tsiren Juma'a uku da ka hana ni."

Bayan magariba ya shiga gida da ƙunshi biyu masu zafi a hannu. Labarin liƙin ya riga shi isowa ta bakin matar Wada, sai Mairama ta dubi ƙunshin, ta dubi mijinta, ta tambaye shi nawa aka sayi maƙogwaron. Ya ce riyal biyar, kuma bai yi arha ba. Ya buɗe akwatin jita ya shimfiɗa takardar riyal biyar ɗin a ƙasa, ya ɗora jitar a kai ya rufe, sannan ya ce ta kawo faranti kafin naman ya huce.