Ta Kakarta Ce

Kwanan Zaituna tara da fara sitaj, wato koyon aiki, a wani buro, ofishin gwamnati na Gure, inda ake rajistar waɗanda suka gudo daga bakin tabkin Cadi, ta tafka kuskure.

Ranar Litinin wata mata, Yabawa, ta zo riƙe da yarinya 'yar shekara bakwai. Zaituna ta ce, "Inna, 'yarki ce?"

Matar ta kau da kai. "Ta kakarta ce."

Ina kakar? Ta rasu a hanya. Sunan yarinyar fa? Shiru. Ita kuwa ɗalibar tamu, sarkin bin takarda, ta rubuta: ba uwa, ba uba.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta zo kwasar marayu zuwa Damagaram. Zaituna ta hango yarinyar a ciki, ta kuma hango Yabawa ta riƙe ƙarfen ƙofar motar, idonta na kan yarinyar. Nan take Zaituna ta gane. 'Yar fari ce! Ita ma kakarta ta Kelle har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babanta ba, balle ta ce ɗanta ne, saboda kunyar ɗan fari.

Tsoron Mushe Fadilu take kamar me. Shi ne shugaban buro, shi zai sa hannu a sakamakonta. Haka ta je gabansa, ta ce, "Mushe, yarinyar nan tana da uwa. Ni na rubuta ba daidai ba."

Ya kalle ta sama da ƙasa. "Takarda ta riga ta wuce. Sai dai uwar ta faɗa da bakinta, gaban shaidu."

Direba ya tada mota. Zaituna ta durƙusa gaban Yabawa. "Inna, don Allah ki faɗa. In suka tafi da ita ban san ranar da za ki sake ganinta ba."

Yabawa ta dubi jama'a, ta rufe fuska da mayafi. "Nusaiba," in ji ta. "Ni na haife ta."

Yarinyar ba ta waiwayo ba, don ba ta taɓa jin sunan nan a wannan murya ba. Sai da aka sake kira.

Aka sauko da ita. Zaituna ta leƙa cikin motar. Saura yara shida, kuma takardun huɗu ita ta cika su. Ta zagaya, ta tsaya gaban motar, ta tare hanya.