Shirun Ɗalha a Barikin Magarya

Shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanun ƙasar Yekuwa, Labbo ya fita da rabin garkensa, mutane suka ce ya yi sa'a, don akwai waɗanda suka fita da sanda da igiya kaɗai. Bafillace ne, amma irin waɗanda suka zauna wuri ɗaya, da gonarsa ta gero bayan ruga, da rumbunsa. Ɗansa na fari, Ɗalha, tun yana ƙarami dakarun kumandan, Baturen mulki, suka zo neman yaran lakwal, wato makarantar boko, suka tafi da shi Magarya. Labbo bai ce uffan ba ran nan, bai kuma ce ba daga baya. A wajensu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya nuna yana marmarin ganinsa. In ta kama dole ya ambace shi, sai ya ce "wancan".

Da Ɗalha ya girma ya gama lakwal, Nasara likitan shanu ya ɗauke shi tare da samari huɗu, ya koya musu aikin allura. Samari biyar, amma wuraren aiki uku ne: Magarya, Waca da Yekuwa. Likita ya ce ba ɗan sarki, ba ɗan kowa. Za a gwada su, wanda ya fi shi zai fara zaɓe, na biyu ya ɗauka cikin abin da ya saura, haka har wuri ya ƙare. Waɗanda ba su samu ba su jira wata shekara.

Labari ya kai Yekuwa cewa Ɗalha ne na fari a gwajin. Shi ya kayar da bijimi ba tare da an kama masa ba, shi ya gane saniya mai cuta tun daga nesa, allurarsa kuma ba ta kumbura ba.

Labbo yana son ɗansa a Yekuwa, so mai tsanani. Ƙarfinsa ya fara raguwa, ga shi kuma duk lokacin da aka ce masu allura na zuwa, makiyaya sai su kora shanu su ƙetara zuwa ƙasar Ingilishi, suna zaton ƙidayar jangali ce aka ɓoye. Ya san ba wanda zai tsayar da su sai ɗansu na cikinsu. Amma kowa ya san na fari Magarya yake ɗauka, inda akwai ɗakin ƙasa da doki da kusanci da manya. Labbo bai aika wa ɗansa da kowa ba. Ya dai ce wa mutanen gida kanwar shanu ta ƙare, zai je Magarya ya sayo.

Bai bi ta kasuwa ba. Hantsi ya same shi a bakin bariki, inda wata tsohuwa Babarbariya, Falmata, take tuyar ƙosai ƙarƙashin itacen bedi. Sun daɗe da sanin juna, kuma tsakanin Barebari da Fulani ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Lale da bawana!" in ji ta. "Wa ya kwance ka daga turke?"

"Na zo karɓar harajina ne, baiwa. Zuba ƙosai, kada ki sa na jiya."

"Ji shi! Ƙafa kamar sillen kara. Me ya kawo ka?"

"Kanwa."

"A bariki ake sayar da kanwa yanzu? Kai dai faɗi gaskiya, ka zo ganin Ɗalha ya zama ɗan birni. Gobe in ya wuce bisa doki, ni zai fara gaisarwa, kai sai ka bi ƙura."

Labbo ya tauna ƙosai, ya ce gishiri ya yi yawa.

Jama'a sun taru a filin gidan likita, iyaye da ƴan kallo. Aka jera samarin biyar bisa ga matsayinsu, Ɗalha a hannun dama da wando kaki, sai Hambali ɗan wani attajirin gyaɗa na Magarya, sai Illa mutumin Kwaya, sai sauran biyu da fuskokinsu suka riga suka nuna ba su da rabo. Labbo ya sami gefen tabarma cikin dattawa, a gaba, ya zauna ya ɗora sandarsa bisa gwiwa. Illa kowa ya san Yekuwa yake so, don ta fi kusa da gidansu.

Nasara ya yi magana, tafintansa Wakili ya juya. Ya faɗi yadda aka gwada su da yadda kowa ya yi. Da ya zo kan Ɗalha ya daɗe yana yabo, har dattawa suka riƙa juyowa suna duban Labbo. Labbo ya sa wa yatsun ƙafarsa ido kamar wani ake yabo daga wata ƙasa, amma ƙirjinsa ya cika har riga ta yi masa kaɗan.

"Ɗalha ɗan Labbo," in ji Wakili, "kai ne na fari. Magarya, Waca, Yekuwa. Wanne kake so?"

Ɗalha ya ɗaga kai zai amsa, idonsa ya faɗa kan ubansa. Bai san ya zo ba. Nan take ya sunkuyar da kai, ya zare takalmansa, ya durƙusa.

Wakili ya ce, "Tashi, samari, ba gaisuwa aka ce ka yi ba. Wanne kake so?"

Shiru.

Yaran yau sai su ce wauta ce. Ba wauta ba ce, tarbiyya ce. Ɗa mai kunya ba ya buɗe baki gaban ubansa ya ce ina son kaza, ko da yunwa za ta kashe shi ga tuwo a gabansa. Lakwal ta koya wa Ɗalha faransanci da lissafi, amma ba ta cire masa wannan ba.

Nasara bai san haka ba. Ya tambaya da harshensa, Ɗalha ya amsa ƙasa-ƙasa cewa duk inda aka ba shi ya gode. Nasara ya buga hula a cinya, ya yi wa Wakili magana da zafi.

Wakili ya ce, "Likita ya ce shi ba ya ba kowa, zaɓa ake yi. Wanda bai zaɓa ba ya bar layinsa ke nan, sai ya koma bayan na biyar. Ka ji ko? Wuri uku ne, Ɗalha. In ka koma baya ba ka da komi."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Uban Hambali ya gyara zama. Na huɗu, da ya riga ya fid da rai, ya fara ɗaga kai. Hambali kuwa, da yake yaron kirki ne, ya ɗan taɓa Ɗalha da ƙafa, ya ce, "Kai, Bafillace, yi magana mana! Wata nawa muna shan harbin shanu tare?"

Ɗalha bai motsa ba. 

Labbo ya gane shi ne ya ɗaure bakin yaron. Ya kuma yi wa shirun fassara a ransa: Magarya yake so, kunyar faɗi gabana yake ji. In ya ci gaba da zama, ɗayan biyu ne. Ko yaron ya rasa duka, ko kunya ta sa ya ce Yekuwa alhali ba nan zuciyarsa take ba. Kalma ɗaya daga bakin Labbo ta isa, in ya ce "Yekuwa" yaron zai maimaita, magana ta ƙare. Kalmar ta zo masa har leɓe. Amma ba shi ya kayar da bijimi ba, ba shi ya yi shekaru yana cin tuwon gidan wasu ba. Wanda ya ci layi shi ke da zaɓe.

Ya dogara sanda ya tashi. Ya ce wa dattijon da ke kusa da shi, da murya yadda kowa zai ji, "Bari in je, kada masu kanwa su watse." Ya ratsa jama'a bai waiwaya ba, ya fita ƙofa, ya zagaya bayan katanga inda ba ya gani, ba a ganinsa. Bai tsaya kusa ba, don kada a ce ya laɓe. Ya tafi har gindin wani gawo ya zauna, yana shirya yadda zai gaya wa uwar yaron cewa ɗanta ya zama na Magarya, kuma abin alfahari ne.

Ya ji an yi shewa daga ciki, sannan hayaniya. Can sai ga Falmata ta baro kaskonta, tana tafe tana riƙe da zane.

"Kai, bawana! Wane irin mahaukaci ka haifa?"

"Me ya yi?"

"Kana fita ya miƙe kamar ba shi ba. Aka ce wanne, ya ce Yekuwa. Nasara ya ce a sake tambayarsa ko bai ji ba, an ce masa a Yekuwa ba ɗaki ba doki. Ya ce ya ji, shanun can ne ke mutuwa, kuma mutanen can ba za su guje shi ba. Uban Hambali har rawa ya kusa yi, Magarya ta faɗo masa. Illa ya ɗauki Waca yana ƙunƙuni. Ku Fulani ba za ku yi hankali ba har abada!"

Labbo ya daɗe yana gyara igiyar takalminsa, ko da yake ba abin da ya same ta. Sannan ya ce, "Baiwa, sauran ƙosan nan naki, kai wa yaran nan biyu da ba su samu ba. Na saya."

Da la'asar Ɗalha ya same shi a bakin kasuwa, ya durƙusa nesa kaɗan, ya kau da kai.

"Baffa, an wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya."

Kowa na duban wani wuri dabam. Labbo ya ɗaure bakin buhun kanwarsa, ya gwada nauyinsa.

"Akwai wata karsana ja da ta bar cin ciyawa," ya ce, yana magana da buhun. "Na duba ban gane kanta ba. In an zo, a duba ta."

"To, Baffa."

Ɗalha ya karɓi buhun ya saɓa a kafaɗa, uban ya wuce gaba.