Garin da ke Cikin Gwangwani

Gwadabe yana bayan zaure yana alwala lokacin da Ilu ya zaro ƙullin leda daga aljihunsa. Gwangwanin madarar yana nan inda yake zama kullum, cikin alkuki, bayan tulin hulunan da ke jiran wanki. Ilu ya buɗe murfin, ya juye garin da ke ciki a wata ledar, ya zuba nasa. Tun jiya yake daka hulba da sassaƙen maɗaci, yana tankaɗewa yana ɗanɗanawa, har launin da ɗacin suka zo ɗaya da na ainihin. Ko kaɗan bai zubar ba. Baduku ne, ya saba yanka fata ba tare da ya kauce layi ba.

"Baduku, me kake lalube a alkukina?" in ji Gwadabe, yana shigowa da buta a hannu. "In goro ne, ɓera ya riga ka."

Ilu ya ce allurarsa yake nema. Gwadabe ya yi dariya, kumatunsa suka cika suka kusa rufe idanunsa, ya ce rabon da allura ta shiga zauren mai wankin hula tun zamanin kakansa.

Tun suna makarantar allo suke tare, kuma ƙofofin gidajensu suna kallon juna a lungu ɗaya a Soron Ɗinki. Gwadabe ya ƙare ƙuruciyarsa a tsugune, yana wanke hulunan mutane yana buga su, har gwiwoyinsa suka ƙi shi. Bara waccan a kan kujera yake sallah. Sai ga Bukar, maƙwabcinsa na jikin katanga, Babarbare mai sayar da turaren wuta wanda kakanninsa suka zauna a unguwar tun da daɗewa, ya shigo wata safiya da ƙullin gari. Ya ce wani mai magani ne a kasuwa yake haɗawa, cokali ɗaya a kunu da safe. Kafin mako ya zagayo Gwadabe ya ajiye kujera, ya koma sahu yana sujada kamar yaro.

Abin da ya hana Ilu sakat shi ne hannun da maganin ya fito. Indararon gidan Bukar a kan katangar Gwadabe yake zuba. Duk damina sai katangar ta zaizaye, an je gaban mai unguwa ba sau ɗaya ba, kuma shekaru suka shuɗe tsakaninsu babu abin da ya wuce sallama. Mutumin da ya ƙi karkatar da indararo ɗaya saboda kai, me ya haɗa shi da gwiwarka? Wannan tambayar Ilu yake juyawa yana ɗinkin jaka, yana juya ta yana cin tuwo.

Ga kuma abin da idonsa yake gani. 'Yan lungu cewa suke Gwadabe ya samu lafiya, ya yi kumatu. Ilu kuwa ya ga fuska ce kawai ta zama kamar faifai, ga tozo ya fito a ƙeya, ga tumbi, amma ƙafafu sun koma kamar sillen kara. Fatar hannunsa ta yi laushi irin na fatar da aka bari ta wuce ƙima a jima, ko ƙofa ya goga sai wurin ya yi baƙi. Ɗan yankan da ya samu a yatsa ya ƙi warkewa. Ba ya rabo da buta da kofin ruwa, kuma kiyashi sun fara taruwa inda yake tsugunawa.

Sau ɗaya ya gwada faɗa masa. Gwadabe ya daina murmushi, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ya ce mutum ya haɗiye fushin shekaru ya shigo zaurensa da alheri, yanzu in ya daina sha, matar Bukar za ta ji a bakin 'Yardada, matar Gwadabe, kafin azahar, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Ilu ya koma shagonsa. Ba zai iya tsayawa a lungu ya kira maƙwabci mai sammu ba, ba zai kuma iya zuba ido ba. Sai ya zaɓi hanyar da ba wanda zai ji kunya: Gwadabe ya ci gaba da shan garinsa, Bukar ya ci gaba da karɓar godiya, gubar kuma ta kwana a ƙarƙashin tarin fatu a shagon Ilu.

Ciwon gwiwoyin ne ya fara dawowa. Bayansa sai kasala. Gwadabe ya ɗaga muciyar bugun hula ya ajiye, ya ce yau ta yi masa nauyi. Abinci ya fita ransa, in ya miƙe tsaye sai ya dafa bango, daga nan amai ya biyo. Ilu ya ce a ransa gubar ce take fita, ai ba ta fita da daɗi.

Anas, babban ɗan Gwadabe, ya kira mai kemis na bakin titi. Ya zo ya duba ya ce maleriya ce da taifot, ya yi allurai, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataya carbi. 'Yardada kuwa ta ƙara cokalin garin ya zama biyu, tana dama masa a kunu, yana sha yana mayarwa.

Bukar ya zo dubiya da lemo da ayaba. Ilu yana zaune a gefen tabarma yana karantar fuskarsa. Ya ga Bukar ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwanin, ya buɗe, ya kai hanci. Mai turare ne, hancinsa ne jarinsa. Ya daɗe yana shinshinawa, ya dubi labulen da 'Yardada take bayansa, sannan ya rufe ya ajiye a hankali. Ilu ya ce a ransa, ka ji ba gubarka ba ce ko?

Washegari Bukar ya dawo da sabon ƙulli. Ilu ya tare shi a bakin zaure, ya ce mara lafiya ya samu barci, ya kawo zai miƙa. Ƙulli na biyu ya bi na farko ƙarƙashin fatu.

Ranar Juma'a da hantsi Gwadabe ya miƙe zai zaga, ya zube a tsakar gida. A a-daidaita-sahu suka kai shi babban asibiti, kansa a cinyar Ilu, jikinsa sanyi ƙalau ga gumi.

Likitar da ta karɓe su yarinya ce, Bahijja sunanta, ba ta fi sa'ar 'yar Ilu ta biyu ba. Ta auna jini ta sake aunawa, ta soki yatsa ta duba suga. Sannan ta tsaya tana kallon fuskar, ta shafa tozon, ta ɗaga riga ta ga jajayen zane a gefen tumbin. Ba ta jira komai ba ta sa aka kawo wata allura aka yi masa a jijiya, aka ɗaura ruwa. Sai da ta gama sannan ta juyo ta tambayi 'Yardada abin da yake sha, na asibiti ko na gida. 'Yardada ta ba ta labarin garin.

"Yaushe ya daina sha, Mama?"

"Bai daina ba, 'yata. Ko yau da safe na dama masa."

Likitar ta sake duban fuskar Gwadabe. Ta ce abin da mamaki, don jikinsa jikin wanda aka yanke wa maganin ne. Ta yi musu bayani a tsaye, tana kallon ledar ruwan. Ta ce a saman ƙoda akwai wasu 'yan halittu biyu da suke yin sinadarin da ke riƙe wa mutum jini da suga. Wasu masu haɗa garin ciwon gaɓoɓi sukan niƙa ƙwayar deksa a ciki, don ita ke kashe ciwon nan take. Ita ce take kumbura fuska, ta cinye naman ƙafa, ta jawo ciwon suga. In an daɗe ana sha, jiki sai ya saki jiki ya daina yin nasa.

"Shan yana cutarwa, ba shakka," in ji ta. "Amma ba a yanke shi rana ɗaya. A hankali muke janye shi, wata da watanni. Wanda aka yanke wa kwatsam, ko ɗan zazzaɓi sai ya kayar da shi."

Ta ce a kawo mata garin ta gani. Ilu yana tsaye a ƙarshen gadon, hannunsa a kan ƙarfe. Ya buɗe baki, sai ya tuna an riga an yi allurar, faɗa ba za ta ƙara ɗigo ɗaya a ledar ba. Ya rufe.

Gab da la'asar Gwadabe ya buɗe ido. Ya wuce matarsa da ɗansa da kallo, ya tsaya a kan Ilu. Muryar ta yi ƙasa har sai da Ilu ya sunkuya.

"Baduku, hulunan mutane suna kan katanga. Na ga kamar hadari."

Ilu ya ce zai kwashe. Gwadabe ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Ƙodarsa ta riga ta gaji, in ji likitar daga baya, an zo a makare. Bai kai magariba ba.

Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta zaga lungu, kuma ta zaga a gajarce: likita ta ce garin Bukar ne. Ba wanda ya faɗa a gabansa. In ya zo zaman makoki sai a matsa masa fiye da yadda yake bukata. Anas ya miƙa masa yatsu biyu ya janye. Tsofaffin da suka san zancen indararo suna kallon katanga suna kallon juna. Ilu yana tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa a matsayin amini, ana ce masa ya haƙuri, kai ka fi kowa rashi.

Ranar sadakar uku aka watse da hantsi, Bukar ya yunƙura zai tashi daga tabarma sai ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa ya dafa bango. Ilu ya san wannan dafawar. Ya dube shi, kuma a karon farko ba laifi yake nema a fuskar ba. A ƙarƙashin farin gemun kumatu ne cike kamar faifai. Inda wuyan riga ya zame akwai tozo. A bayan hannun da ke bango akwai baƙin tabo.

Ya kama shi ya raka shi zaurensa. Wurin yana ƙanshin sandal da hawi. Bukar ya zauna a kan buhu yana mayar da numfashi, ya ce shi ya riga Gwadabe fara shan garin da kusan shekara, don bayansa. Ya ga ya yi masa aiki, ya ga maƙwabcinsa yana sallah a kujera, ya rasa ta inda zai fara ba da haƙuri a kan katanga, sai ya fara ta nan. Ranar jana'iza da ya ji abin da ake cewa, ya kwashe nasa duka ya zuba a kwata.

"Amma akwai abin da yake cina, Malam Ilu," ya ce. "Garin da ke gwangwanin nan ba nawa ba ne. Hulba ce da maɗaci. Na shinshina. Kwana nake ina tunanin wa ke dama masa kunu, sai in yi istigfari. Mace tana cikin takaba, ina ni ina zarginta? Amma zuciya ba ta da ƙofa."

A waje iska ta taso, ta ɗaga labulen buhu da ke ƙofar. Ilu ya dubi tsohon. Ya tuna 'Yardada tana ƙara cokali na biyu, tana tallafe kan mijinta.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Zauna nan, kada ka tashi."

Ya tsallaka lungu, ya ɗaga fatun, ya ɗauko ƙullin biyu. Ya leƙa gidansa ya ce wa matarsa Uwani ta zubo kunu a kofi. Da ya dawo ya ajiye ledojin a gaban Bukar, ya kwance ɗaya. Bukar ya sunkuya ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya dubi Ilu kamar yadda ya dubi labulen ranar nan.

Ilu ya ɗebi cokali ɗaya ya zuba a kunun ya juya. Ya ce ya shanye yanzu, in ruwa ya tsagaita za su tafi wurin yarinyar nan likita da sauran garin, ita ta san yadda ake janye shi. In sun dawo kuma zai shiga wurin Anas da mahaifiyarsa ya faɗa musu abin da ya yi, Bukar ba sai ya raka shi ba.

Bukar ya karɓi kofin da hannu biyu, Ilu ya tallafa masa ƙasan.

Ruwan ya sauko da ƙarfi. Daga inda suke zaune suna hango katangar Gwadabe ta ƙofar zaure. Ilu ya kwashe hulunan tun ranar Juma'a da dare, amma ɗaya ta tsere masa, wata shuɗiya da ta maƙale a bayan tubali. Indararon ya cika ya fara zuba a kanta, jar ƙasa tana gangarowa a hankali zuwa kwata.